Hali ne ke sa yaro cin amanar ubangidansa, ko dama ce?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun bayan babbar salla, na kasa haɗiye ta, na ce bari in kawo ta nan ko Allah ya haɗa ni da wanda ya fi ni sani.

Shagon sari gare ni kusa da babbar kasuwar Maraɗi: shinkafa, taliya, sukari, madara, mai da sabulu. Ina kuma da mangaza ɗaya, wato ɗakin ajiyar kaya, a unguwar Zariya. Shekara 19 ke nan ina wannan sana'a, kuma ni ma da yaron shago na fara. Yara biyu ne suka daɗe a hannuna. Ba zan kama sunan kowa ba, don iyayensu mutanen kirki ne.

Na farko, in ka gan shi sai ka so shi. Ga fara'a, ga ladabi, bai taɓa gaishe ni a tsaye ba. 'Yan sarin da ke zuwa daga Tibiri, Madarunfa da Ɗan Isa shi suke tambaya tun ba su sauka daga kan babur ba. Ya san sunayen 'ya'yansu, ya san wanda matarsa ta haihu. Ana kiran salla shi ne a sahun gaba. Shekara 6 muna tare. Da na ga haka sai na damƙa masa makullin mangaza da kayen bashi, wato littafin rubuta bashi, duka biyu.

Na biyu kuwa kullum fuska a ɗaure. Ka yi masa magana ya amsa maka da kalma ɗaya. Sau nawa ana kawo mini ƙararsa wai bai iya tarbar mutane ba, har na taɓa niyyar sallamarsa. Amma akwai abin da na gani da idona. Wata tsohuwa ta sayi sabulu ta manta canjinta, dala 20 kacal, wato sefa 100. Yaron nan ya bi ta da gudu cikin tsakar rana har bakin tasha, ya dawo yana haki, bai ce wa kowa komi ba. Ranar har faɗa na yi masa don ya bar mini shago.

To, wata Litinin wani abokin ciniki daga Gidan Rumji ya zo, na tuna masa da bashin jika 180, wato sefa dubu 180. Ya dube ni, ya sa hannu a aljihun gaba ya fiddo wata takarda duk ta yi laushi saboda naɗi. Rubutun yarona na farko ne, da sa hannunsa: an biya tun cikin azumi. A kaye kuwa bashin yana nan daram. Da dare na ɗauki tocila, ni da ƙanena muka tafi mangaza. Kwalayen taliya na layin gaba cike suke. Na ɗaga ɗaya daga layin baya, sai na ji shi shafal. Kwali wofi ne, an liƙe bakinsa an mayar. Muka ƙirga irinsa 41. Da muka gama lissafi bayan kwana uku, abin ya kai miliyan 1 da jika 400.

Amsarsa ta fi kuɗin yi mini ciwo. Bai yi kuka ba, bai sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai aro na yi, zan mayar." Da na matsa masa sai ya ce, "Mutanen nan duka saboda wa suke zuwa shagon nan?"

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuska ta yaudare ni. Ga shi dole in ɗauki wani yaro kafin kaka. Tambayata: akwai halin da in ka gan shi ga mutum za ka san wata rana zai cuce ka? Ko kuwa duk wanda ka ba makulli da kaye ƙarshensa ke nan, sai dai wanda Allah ya tsare?

Mushe Na-Limanci:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Ni malamin lise ne, amma a jami'ar Yamai na ɗan karanci ilimin halayyar ɗan Adam, kuma tambayarka tsohuwa ce a wannan fanni.

Da can masu bincike sun kasa halayen mutane gida biyar: son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, kula da aiki da tsari, saurin shiga damuwa, da son sabon abu. A farkon shekarun 2000 sai wasu malaman jami'a biyu a Kanada, Kibeom Lee da Michael Ashton, suka bi kalmomin da mutane ke siffanta juna da su a harsuna da dama, irin su Faransanci, Jamusanci da harshen Koriya. Suka ga akwai gida na shida da ke fitowa a kai a kai, shi kaɗai, ba ya cikin waɗancan. Suka sa masa suna gaskiya da tawali'u, tsarin nasu kuma ake kiransa HEXACO. Rassa huɗu suka ba wannan gida: mutum ba ya yi wa wani daɗin baki don ya samu wani abu, ba ya cuta ko da ya tabbata ba mai kama shi, idonsa ba ya kan dukiya da kayan alfahari, kuma ba ya ganin ya fi ƙarfin dokar da ta hau kowa. A bincike-binciken da suka biyo baya, wannan gida yana sahun gaba wajen nuna wanda zai fi saurin sata, ƙarya ko ha'inci a wurin aiki.

Abin da nake so ka riƙe, Alhaji, shi ne fara'a gidanta daban, amana gidanta daban. Son shiga jama'a kusan ba ya gaya maka komi game da hannun mutum. Ana samun mai fara'a amini, ana samun mai fara'a macuci, haka ma masu ɗaure fuska. Kai ka auna yaron da mudun fara'a, ka biya shi da makulli. Yaronka na biyu yana da rauni wajen sauƙin kai, shi ya sa ake kawo ƙararsa. An kuma lura cewa raunin gidan sauƙin kai ya fi fitowa a mu'amala da mutane, kamar tsawa, gaba da baƙar magana, shi kuwa raunin kula da aiki ya fi fitowa a makara, lalaci da ɓarnar kaya. Cuta iri-iri ce, kowace da ƙofar da take shigowa. Yaron da ya bi tsohuwa da dala 20 yana iya kore maka mai saye, amma da wuya ya liƙe maka kwali wofi.

Maganar ƙarshe ta yaronka na farko ita ta fi tsaya mini: "saboda wa suke zuwa?" A 2002 Delroy Paulhus da Kevin Williams sun haɗa wasu halaye uku da suka kira baƙaƙe: ganin kai ya fi kowa cancanta, iya juya mutane kamar waina don biyan buƙata, da bushewar zuciya wadda ba ta nadama. Ba na cewa yaronka yana da su duka, ban san shi ba. Amma wanda ya yarda a ransa cewa shi ne shagon, ba ya jin sata yake yi. Haƙƙinsa yake ganin yana ɗauka.

Sai dai kada in sa ka yi wa mutane hukunci da ido. Waɗannan ma'aunai a kan taron jama'a suke aiki. In ka tara mutum dubu za ka ga inda abin ya karkata, amma mutum ɗaya yana iya saɓa musu. Tun 1928 Hartshorne da May suka gwada dubban 'yan makaranta a Amurka, suka tarar yaron da ya yi satar amsa a aji ba lalle ne ya ɗauki kuɗin da aka ajiye ba. Ni ma ina ganin haka a ajina kowace shekara.

Tambaya biyu zan yi maka, kuma ba sai ka amsa a nan ba. Cikin shekara 6 ɗin nan, ka taɓa jin ya yi wa mai saye ƙarya don kai ka ci riba? Kuma yaya yake yi da 'yan dako in ba ka kusa?

Hajiya Kontabul:

Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Mushe ya yi bayanin hali, ni bari in zo ta wajen kaye, don shi ne aikina shekara 14 a wata ƙungiya a nan garin.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ɗaya shi ke fitar da kaya, shi ke rubuta bashi, shi ke karɓar kuɗi, shi ke ba da shaidar biya, kuma shekara nawa ba wanda ya ɗaga kwalin baya. Ko ɗan da na haifa ba zan yi wa haka ba, don jefa shi cikin fitina ne. A wurinmu mai riƙe da kuɗi ba ya rubuta lissafi, mai rubuta lissafi ba ya taɓa kuɗi, kuma ƙidayar mangaza ba a sa mata rana.

Kalmar "aro" da ya faɗa ba baƙuwa ba ce. Wani masani Ba'amurke, Donald Cressey, ya shiga gidajen kaso ya zauna da mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka ba su riƙo, ya fitar da sakamakon a 1953. Ya ga abu uku suke haɗuwa: wata matsalar kuɗi da mutum ke jin kunyar faɗa wa kowa, da damar da ya san ba mai dubawa, da wata hujja da zai lallashi zuciyarsa da ita. Hujjar da yawansu ita ce wannan dai, aro ne zan mayar. Kuma ba ɓarayin asali ba ne, mutane ne da aka yarda da su. Wanda ba a yarda da shi ba ai ba ya ganin makulli balle ya ci amana.

Ka binciki matsalar da yake ɓoyewa. Sau biyu na ga irin wannan da idona. Ɗaya cacar ƙwallo ce ta waya, ɗaya kuma kayan aure ne da suka fi ƙarfinsa. Dukansu alamar ta fito tun da wuri, sabuwar waya, sabon babur, shadda mai tsada, a kan albashin da kowa ya san bai kai ba, amma ba wanda ya tambaya.

Sannan, Alhaji, nawa kake biyansa a wata? Ina tambaya ne don mafi ƙarancin albashi a nan Nijar ya koma jika 42 tun farkon 2024, kuma na san shaguna da yawa a kasuwa ba su ma san da zancen ba.

Ɗan Sura Bildi:

Baba Alhaji, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wannan kafin in iya rubutu, don ni ta ɗaya gefen na fito. Na yi shekara 5 ina yaron shago a wurin wani mai kayan masarufi, kuma na taɓa masa kuɗi. Na tuba, na je na faɗa masa da bakina, na biya, ya yafe mini. Shi ya sa nake iya magana.

Mu uku ne a shagon. Ba albashi. Dala 100 ta abincin rana, ɗinki biyu a shekara, sai alkawarin wata rana za a sallame ka da jari. Kun san tsarin ubangida da bara, da yawa daga alhazan garin nan ta nan suka taso, kuma tsari ne mai albarka in ubangida ya cika alkawari. Amma ba takarda, ba rana. Shekara ta uku na ga an buɗe wa ɗan ƙanwarsa shago, yaron da ya zo bayana da shekara biyu. Daga ranar wani abu ya mutu a zuciyata.

Da dala 50 na fara, ta koko da ƙosai. Hannuna har rawa yake, na kasa cin ƙosan. Sati biyu bayan nan ya daina rawa. Da aka kwantar da mahaifiyata a likita aka rubuto magani na jika 23, ban iya buɗe baki na roƙe shi ba, don na taɓa roƙon jika 2 ya yi mini gori a gaban mutane. Na ɗauka daga aljihun tebur. Wallahi a raina cewa nake kuɗin guminmu ne.

Amma ga abin da ya sa ba zan ce talauci ne kaɗai ba. Cikinmu akwai wani ɗan ƙauye daga wajen Mayahi, ya fi ni talauci nesa ba kusa ba, takalminsa ɗaya. Gorin da aka yi mini an yi masa, aljihun tebur ɗin da ke gabana yana gabansa. Bai taɓa ɗaukar ko tamma ba. Ya gan ni sau ɗaya, bai tona ni ba, ya dai ce, "Ni ba zan iya kai wa tsohuwata abin da zan ji kunyar faɗa mata inda na samo ba." Da abin ya ishe shi sai ya yi sallama ya koma noma. Rana ɗaya ta doke mu, ni na narke, shi bai narke ba. Maganarsa ce ta yi ta cina har na je na tona kaina.

Mushe Na-Limanci:

Ƙanena na Sura Bildi, Allah ya karɓi tubarka, ba kowa ke iya faɗin wannan ba. Labarinka ya tuna mini da binciken Jerald Greenberg na 1990. Wani kamfani a Amurka ya rage wa ma'aikatan masana'antunsa biyu kashi 15 cikin ɗari na albashi har sati 10. A ɗaya an tara su an yi musu cikakken bayani cikin mutunci da ban haƙuri, a ɗaya kuwa an sanar da su ne a gajarce. Sata ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi yawa sosai inda ba a mutunta su ba, kuma da albashi ya dawo sai ta koma yadda take. Mutanen nan ba a canza su ba, yadda aka riƙe su ne ya canza. Duk da haka a irin wannan hali ba kowa ke ɗauka ba, kamar dai ɗan Mayahin nan.

Malam Na-Tibiri:

Alhaji, Allah ya ba da ladan haƙuri. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Abu biyu ta ambata, iyawa da amana, ba ta haɗa su wuri ɗaya ba. An kuma ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kun yi hulɗar dinari da dirhami? Ya ce a'a. Umar ya ce, to wataƙila a masallaci ka gan shi yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, ba ka san shi ba. Alamomin munafuki uku da suka zo a Bukhari da Muslim ma duka a mu'amala suke: ƙarya a zance, saɓa alkawari, cin amana.

Ina kuma jan kunnenmu da mugun zato. Kada wannan ya sa ka dinga kallon duk yaro mai fara'a da ido ɗaya, fara'a sadaka ce. Lissafi kuwa ba zargi ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi lissafi da Ibnul Lutbiyya da ya dawo daga karɓar zakka, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, jama'a. Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah gafarta Malam, maganar Sayyidina Umar ta shige ni, don da sahun gaba na auna shi.

Mushe, ka ce ba sai na amsa a nan ba, amma zan amsa, ko wani ya amfana. Na ji, ba sau ɗaya ba. Akwai lokacin da madara ta kusa lalacewa a hannuna, saura wata ɗaya kwananta ya ƙare. Ina zaune a kan kujerata na ji yana rantse wa wani ɗan sari daga ƙauye cewa jiya jiya aka sauke ta. Ya juya kwalayen yadda kwanan watan zai fuskanci bango. Kwali 30 ya sayar a yini biyu. Ni kuwa na sa masa albarka, har na ba shi jika 5 na ce ya sha ruwa. Yaron na biyu ne ya ce mini da yamma, "Alhaji, wannan madarar yara za su sha ta," na ce ya rufe mini baki. Tun jiya da na karanta tambayarka abin nan ke dawo mini. Dabarar da ya juya wa baƙauye kwali da ita, ita ya juya mini nawa a mangaza, kuma ni na biya shi ladan koyonta. 'Yan dako kuwa, ɗazu na kira biyu na tambaye su. Ashe ya daɗe yana cire dala 10 a kan kowane buhu daga kuɗin da nake ba shi ya biya su. Suka ce sun yi shiru ne don sun ga ɗan gaban goshina ne.

Hajiya, jika 25 nake ba shi, da abinci. Na ji kunyar rubuta shi. Cacar waya kuma kin canka, ƙanena ya gani a wayarsa. Daga wannan wata na mayar da yaron na biyu jika 45, na ba shi kayen bashi, makullin mangaza kuma yana aljihuna. Na ce masa duk wanda ya biya bashi a ba shi takarda, a bar ɗaya a shago.

Ɗana na Sura Bildi, maganar gori ta taɓa ni, don ban da tabbacin ni ma ban taɓa yi ba.

Ban kai maganar komisariya ba. Mun zauna gaban mai unguwa da kawunsa, an rubuta zai dinga biyan jika 50 duk wata. Ranar Juma'a mahaifiyarsa ta zo gidana, ta zauna a zaure tana kuka, tana roƙon in mayar da shi ko dako ne ya yi. Na ce ta ba ni sati biyu. Gobe kuma zan aika a nemo mini baƙauyen nan na madara, na san garinsu, wajen Jiratawa ne.

Hajiya, in akwai wanda kika sani da zai zo ya koya wa yaron na biyu tsarin kaye na kwana biyu ko uku, a biya shi, ki taimaka ki turo mini shi shago. Bayan la'asar nake samun sarari.